Ɓawon Ƙwai da Farcen Selina

Litinin, 6 ga Satumba 1976, bayan an tashi daga makaranta

Yau aka fara karatun kyauta. Yara sun cika ajina har kan taga, wasu ko wando babu, wasu kuma na rantse sun isa biyan haraji. Muryata ta dushe tun kafin a fita tara.

Amma ba wannan ya sa na ɗauko alƙalami ba. Da na tashi na biya kwatas ɗin reluwe wajen Selina. Na same ta a bakin ƙofa tana ɓare gyaɗa da haƙori. Selinar da na goya bayan rasuwar mamarmu, wadda na koya wa ɓare gyaɗa da hannu ɗaya! Na kama hannun na duba. Faratanta duk sun tsattsage, sun yi laushi, tsakiyarsu ta lotsa har ɗigon ruwa zai iya zama a ciki.

Ta janye hannun tana dariya. "Yaya Afiniki, kar ki fara. Bebin ne ke cinye min su."

Cikin ya shiga wata bakwai. Ta yi fari, kuma ba farin kyau ba. Raina bai kwanta ba.

Laraba, 8 ga Satumba, da rana

Na roƙi hedimasta ya sake ni, na raka ta awo. Sista Emilia ta ja fatar idonta ƙasa, ta buɗe tafin hannunta, ta daɗe tana kallo. Ta ce jininta ya yi ƙasa sosai. Ta ba ta jajayen ƙwayoyi, ta ce kullum ta ci ƙwai ɗaya, da ganye, da hanta in an samu.

Na ce, "Sista, faratan fa?"

Ta ce, "Malama, ni ba farce nake kallo ba."

Na ji haushin maganar har muka iso gida. Ƙwai kuwa ba matsala, kajina biyar suna yi kamar an biya su.

Asabar, 11 ga Satumba, da yamma

Uwar mijin Selina ta iso daga Fadan Kaje, za ta zauna har a haihu. Mama Lai'atu. Ta zo da acha da citta da kabewa, ta hana Selina ko ɗaga bokiti. Gaskiya tana son yarinyar. Na ga tana matsa mata ƙafa, tana yi mata waƙa da yarensu.

Sai na ajiye ƙwai a gabanta.

"Wannan na wane ne?"

"Na Selina ne, Mama. Sista ta ce."

Ta mayar da murfin kwanon a hankali. "Malama, kin karanta takarda, na yarda. Amma a gidanmu mace mai ciki ba ya cin ƙwai. Yaro zai fito da hannun sata. Ni na haifi bakwai, ko ɗaya bai taɓa ɗauka abin mutum ba."

Na kalli Rufus, mijin Selina. Mutumin da ke tsayar da jirgin kaya da tuta ɗaya, ya kasa ɗaga ido a gaban uwarsa. Ya ce, "Yaya, a bi shi a hankali." Ya ɗauki hularsa ya fita.

Lahadi, 12 ga Satumba, bayan sujada

Na samo dabara, kuma a tsakiyar wa'azi ta zo mini, Allah ya gafarta.

A kwaleji wata Baturiya da ta koya mana girki ta taɓa nuna mana yadda ake niƙa ɓawon ƙwai a sha, ta ce yana ƙarfafa ƙashi da haƙori da farce. Na je na durƙusa gaban Mama Lai'atu na ce, "Mama, ƙwai aka hana, ko ɓawonsa?"

Ta juya abin a ranta. Ta ce, "Ɓawo ai shara ne. Kaji ma suna ci."

"To a ba ta sharar."

Ta yi dariya har tana riƙe ciki. Sannan ta kama hannuna ta ce, "Amma ki faɗa gaban Allah, ba za ki ba shi na ciki a ɓoye ba." Na faɗa. Littafi Mai Tsarki yana hannuna ma, tunda daga coci nake.

Kowa ya ji daɗi. Rufus zai ci ƙwan, Selina ta sha ɓawon, babu faɗa a gidan aurenta. Na dawo gida ina jin kaina kamar na raba gardamar gona.

Talata, 14 ga Satumba, da safe

Ga yadda nake yi, don kar in manta. A wanke ɓawon, a tafasa shi, a ɓare siririyar fatar nan ta ciki. A shanya a faifai. In hadari ya hana, a ɗan gasa a kasko. A niƙa a dutse har ya zama gari, a tankaɗe da tsohon ɗankwali. Rabin ƙaramin cokali a kunun safe, da ɗan lemon tsami.

Na zuba a gwangwanin madara mai murfi. Selina ta kurɓa ta yamutsa fuska. "Yaya, kamar na lashi bangon ajinku."

Na ce ta shanye, ba na son surutu. Ta shanye. Tun tana ƙarama haka take, in na ce ta sha, sai ta sha.

Juma'a, 17 ga Satumba, da yamma

Jajayen ƙwayoyin suna sa ta amai. Mama ta ce a ajiye su tukuna, cikin ya huta. Na ce to, na kwana biyu, tunda ga garin tana sha.

Litinin, 20 ga Satumba, da yamma

Rufus ya fara kumatu. Na tsokane shi na ce kajina sun san angonsu. Shi ma ya yi dariya, amma na lura yanzu a bayan ɗaki yake cin ƙwan, a tsaye.

Selina ce ke soya masa. Mama ta ce ba laifi ta soya.

Na duba faratan. Babu canji tukuna. Farce ba masara ba ne, sai a hankali.

Laraba, 22 ga Satumba, da la'asar

Mama Lai'atu ta tafi taron zumuntar mata a coci, Rufus yana kan hanyar Jos. Mu biyu ne a gidan. Na dafa ƙwan gobe don in samu ɓawon, na ɓare, na ajiye shi a faranti.

Selina tana kwance a tabarma tana kallon farantin. Ta ce, "Yaya."

"Na'am."

"Ɗan gutsuro min gwaiduwar. Kaɗan. Ba wanda zai sani."

Na ce, "Allah fa? Na yi alkawari da Littafi a hannuna."

"Wallahi ƙanshinsa ne ke damuna. Har mafarkinsa nake."

Na ce in ta haihu zan dafa mata goma ta ci har ta ƙi. Na rufe farantin na ɗora a saman kabad. Ta ce, "To, Yaya," ta juya fuskarta bango.

Ba ta yi fushi ba. Da ma ta yi.

Alhamis, 23 ga Satumba, da safe

Na niƙa na yau. Ya yi laushi sosai.

Litinin, 27 ga Satumba, da rana

Ranar awo ce, ba ta je ba. Ta ce tafiyar na sa ta haki, kuma tana jin kunyar Sista za ta tambaye ta ƙwayoyin. Ni ma ban matsa ba, saboda muna ta koya wa yara maci na bikin 'yancin kai, ranar ɗaya ga wata, hedimasta ya ce ko akuya ba za ta fita ba.

Ƙafafunta sun kumbura. Mama ta ce alamar namiji ne.

Juma'a, 1 ga Oktoba, da yamma

Makarantarmu ta zo ta biyu a maci. Ban tsaya karɓar biskit ba, na wuce kwatas.

Ya fara fitowa! A gindin babban yatsanta na dama, sabon farce, siriri, mai santsi, babu tsaga ko ɗaya. Na kai hannun bakin ƙofa wajen haske, na kira Mama, na kira Roseline matar maƙwabcinsu, kowa ya zo ya gani. Mama ta ce, "Kai, Malama, ashe sharar nan yana aiki!" Roseline ta ce ita ma za ta zo karɓa, don cikinta wata huɗu ne kuma nata faratan sun fara karyewa.

Selina ta bar mu muna ta juya hannunta. Hannun sanyi ƙalau. Ta ce, "Yaya, kin gama? Ina so in kwanta."

Na yi murna yau. Na rubuta don in tuna cewa na yi.

Talata, 5 ga Oktoba, da yamma

Ta faɗi a bakin famfo. Ta ce jiri ne kawai.

Na nemo ƙwayoyin a cikin kwanon da Mama ke ajiye allura da zare, na ba ta ɗaya. Ta amayar. Na ba ta kunu da garin, wannan ya zauna.

Alhamis, 7 ga Oktoba, da la'asar

Na yi mata kitso. Ba ta iya zama a ƙasa, sai ta kwantar da kanta a cinyata kamar da. Ta ce in mace ce za ta sa mata sunan mamarmu, Hellen. In namiji ne Rufus ya ji da shi.

Ta ce, "Yaya, ke za ki yanke masa farce. Ke ce gwanar farce."

Na ce, "Ba a sa wa jariri reza, sakarya. Uwa ce ke cije masa da haƙori."

"To ki koya min."

Na ce lokaci na nan.

Muna nan jirgin yamma ya shigo yana ihu, ta ce ɗan ya motsa, wai ya san aikin ubansa. Sabon farcen ya ƙaru kaɗan. Na duba sau biyu.

Litinin, 11 ga Oktoba, da rana, a barandar asibiti

Ina cikin aji Roseline ta zo da gudu babu ɗankwali. Naƙuda, kuma da sauran wata guda. Rufus yana can wajen Makurdi, an ce za a buga masa waya a tasha.

Da motar wani mai citta muka kawo ta. Sista Emilia na ganinta ta ja fatar idon, ta juyo ta kalle ni.

"Tana cin ƙwan?"

Na kau da kai. Ta sake tambaya.

"Ƙwayoyin fa?"

Mama Lai'atu ta ce, "Yana shan maganin Malama kullum, bai taɓa fashi ba. Malama, nuna wa Sista farcen."

Sista ba ta nemi gani ba. Ta tura gadon suka shige.

Litinin, da la'asar

Mace ce. Ƙarama, amma ta yi kuka.

Jinin bai tsaya ba. Sun ɗebi nawa suka ce bai dace da nata ba. Uwa ɗaya uba ɗaya, wai bai dace ba. Na Mama ma sun duba, bai yi ba. An aika kwatas a kira abokan aikin Rufus.

Sun bar ni na shiga. Leɓɓanta fari fat. Ta ce, "Yaya, na haihu." Na ce na gani, sannu. Ta ɗan yi murmushi ta ce, "Saura goma na."

Na ce yanzu zan je in dafa. Na fito da gudu.

Talata, 12 ga Oktoba, da safe

Na dafa. Na dawo da su a ɗankwalina da zafinsu. Na tarar an rufe mata fuska.

Talata, da yamma

Jirgin Rufus ya shigo da rana. Na ji kukansa daga nan.

Laraba, 13 ga Oktoba, da yamma

Ni da matan zumunta muka yi mata wanka. Na ce su bar mini hannuwan.

Tsohon farcen ya kakkarye a baki, sai na ce bari in gyara mata, kar ta tafi haka. Na sa reza. A wajen tsohon reza ta wuce kamar a ganye. Da na iso kusa da sabon sai ta tsaya. Ya yi ƙarfi. Ya yi kyau, sumul, irin wanda nake so.

Wata daga cikin matan ta ce, "Malama, ya isa haka." Ashe na daɗe riƙe da yatsan.

An binne ta bayan coci, kusa da mangwaro. Sun rera waƙar da take so, ni ban buɗe baki ba. Fasto ya ce Ubangiji ne ya bayar, shi ne ya karɓa. Na sani. Ban ce ba shi ba ne.

Juma'a, 15 ga Oktoba, da safe

Na tashi na tarar da kaina a bakin randa ina wanke ɓawo.

Lahadi, 17 ga Oktoba, da rana

Ban je sujada ba. Littafin yana kan tebur inda na ajiye shi. Ba fushi nake da shi ba, hannuna ne ba ya son ɗauka.

Mutane suna ta zuwa gaisuwa. Kowa sai ya ce, "Malama, kin yi ƙoƙari, kowa ya ga yadda kika kula da ita." In suka faɗi haka sai in ji kamar in fita in bar musu ɗakin.

Kajin suna ta yi. Ƙwai ya taru a kwando, ban san yadda zan yi da shi ba. Goman nan kuwa suna nan a ɗankwalin, sun fara wari, na kasa zubarwa.

Talata, 19 ga Oktoba, da yamma

Rufus ya zo ya zauna a bakin ƙofata, bai shigo ba. Kumatun sun zube.

Can ya ce, "Yaya, kullum in ina ci, yana kallona ta taga."

Na ce, "Rufus, tashi ka tafi gida."

Ya ce, "Da na ba shi rabi."

Na ce ya tafi gida. Ban iya ɗaukar nasa a kan nawa ba. Na ga ya bi ta hanyar coci.

Alhamis, 21 ga Oktoba, da la'asar

Na koma makaranta. Darasin kiwon lafiya ne a jadawali, abinci mai gina jiki. Na sa su karatun ɗaya zuwa ɗari har aka tashi.

Da na dawo na samu Roseline tana jirana. Bayan ta yi gaisuwa sai ta miƙo hannuwanta a kunyace. "Malama, ko garin nan ya rage? Ki ga nawa yadda suka zama."

Ban kalli faratan ba. Na ja fatar idonta ƙasa. Ta tsorata.

Na hura wuta na dafa biyu, na ɓare, na sa gishiri na ajiye a gabanta. Ta ce, "Malama, uwar mijina in ya ji..."

"Ki ce ni ce. Ki ce na tsare ki da bulala. Ci."

Ta ci tana kallon ƙofa. Ban zauna ba sai da ta haɗiye na biyun. Na ce gobe ma ta zo, kuma Litinin ni zan raka ta awo, hedimasta ya yi abin da zai yi.

Ta nuna ɓawon a faifai ta ce, "Wannan fa?"

Na ce in tana so ta ɗauka, ba ya cutarwa. Yana gyara farce.

Asabar, 23 ga Oktoba, da safe

An sallamo Hellen daga asibiti jiya. Wata mai shayarwa a zumunta tana ba ta nono, muna haɗawa da madarar gwangwani. Mama Lai'atu ta ce ba za ta koma Fadan Kaje ba tukuna. Ta tsufa a mako biyun nan. Ba ta waƙa.

Mun gaisa kamar baƙi. Ba ta ambaci ƙwai ba, ni ma ban ambata ba. Gwangwanin garin yana nan a kan taga inda Selina ke ajiye shi, da cokalin a kai. Kowa ya zo wucewa sai ya kauce masa.

Lahadi, 24 ga Oktoba, bayan an taso daga sujada

Yau ma ban je ba, na wuce kwatas.

Hellen ta yaƙushi fuskarta, jan layi biyu a kumatu. Mama ta buɗe ɗan hannun ta nuna mini. Faratan sun yi tsawo, sirara, masu kaifi.

Rufus ya ɗauko reza. Mama ta buge hannunsa. "Ba a sa wa jariri ƙarfe. Uwan ne ke cijewa."

Ta faɗa kafin ta tuna.

Ta daɗe tana kallon jaririyar, sannan ta miƙo mini ita. Ta ce, "Malama, ni haƙori ya ƙare." Ba gaskiya ba ne, jiya na ga tana cin rake.

Na karɓe ta. Na sa ɗan yatsan a bakina, ɗumi, yana ƙanshin madara. Na cije a hankali yadda na yi wa uwarta tana jaririya, ranar da mamarmu ba ta iya tashi ba. Ɗaya bayan ɗaya har goma. Ba ta ko farka ba.

Da na gama, gutsattsarin suna kan harshena. Na duba ƙasa, na duba taga, na rasa inda zan tofar da su.

Sai na haɗiye.